Wace kyamara za ka saya, kuma me ya sa hotonka ke fita dishi-dishi?

Kwanakin baya ɗan yayata ya shigo shago da kyamara rataye a wuya, fuska a murtuke. An ba shi aikin ɗaukar kamu a unguwarsu, karo na farko da aka biya shi kuɗi a kan hoto. Ya danna wajen sau ɗari huɗu, amma da ya zuba su a kwamfuta, waɗanda za a iya nuna wa uwar amarya ba tare da jin kunya ba ba su cika talatin ba.

"Kawu, kyamarar nan ce ba ta da kyau," in ji shi. "Sayar da ita zan yi, in cika kuɗi in sayi mai megafiksel da yawa."

Nikon D3500 ce, da gilashin da ake haɗo ta da shi, 18-55. Na ce ya ja kujera. Muka buɗe hoto guda, na nuna masa bayanan da kowace kyamara ke rubutawa a jikin hoton da ta ɗauka. Labulen kyamara ya zauna a buɗe na 1/15 na sakan, ƙofar haske tana kan f/5.6, filasha kuma a kashe, don ya ji an ce tana ɓata hoto. A tsakar gida ne bayan magariba, da ƙwan lantarki biyu rak, ƙawayen amarya suna rawa suna liƙi. A irin wannan yanayi, ko kyamarar da ta fi kowace tsada aka ba shi da wannan gilashin da wannan saitin, hannuwa da fuskoki haka za su fito kamar an shafa su da yatsa.

Saboda shi na zauna rubuta wannan, domin tambayarsa ita ce ta kusan duk wanda ya zo neman shawara. Kowa da jikin kyamara yake farawa, alhali ba a nan gizo yake saƙa ba.

Batun megafiksel, a gama da shi tukuna

Hoton da za a wanke a girman takardar A4, da ingancin da ake buga mujalla, pikselin da yake buƙata, wato ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto, 2480 ne a faɗi, 3508 a tsawo. Megafiksel ɗaya piksel miliyan ɗaya ne, ka ga bai kai megafiksel 9 ba. Abin da ake ɗorawa a Instagram kuwa, faɗin piksel 1080 ya saba nunawa. Kyamarorin da suka cika kasuwa tun daga wajen 2011 suna tsakanin megafiksel 18 da 26. Ka ga ke nan duk sun wuce buƙatar albam ɗin biki da firam ɗin falo. Yawan megafiksel yana amfani ga mai yanke ɗan ɓangare daga hoto ya faɗaɗa shi, ko mai buga allon talla da za a tsaya kusa a duba. Ga wanda hannunsa ke rawa kuwa, ƙarin megafiksel ƙara tona masa asiri yake.

Abin da ya fi cancanta a tambaya shi ne girman sensa, farantin nan da ke cikin kyamara yana karɓar haske a madadin fim ɗin da. Babban faranti, wanda ya gaji girman fim, milimita 36 ne da 24. Matsakaici, wanda ake rubutawa APS-C, wajen 23.5 ne da 15.6 a Nikon da Sony, na Canon kuma ya ɗan gaza haka. Farantin da ake yi wa kirari a manyan wayoyi, wanda ake kira mai inci ɗaya, 13.2 ne da 8.8, kuma yawancin wayoyi nasu bai kai nan ba. Kamar tarar ruwan sama ne: mai baho da mai kofi ba za su tashi da abu ɗaya ba, ko da an zana wa kofin layuka dubu. Shi ya sa Samsung Galaxy S23 Ultra, mai megafiksel 200, in ba ka canza mata saiti ba sai ta haɗe ƙananan pikselin goma sha shida-shida ta ba ka hoto mai kusan 12. Ita kanta ta san inda ƙarfinta ya tsaya.

Wanda waya ta ishe shi

Akwai mutanen da nake hana su sayen kyamara ƙiri-ƙiri. Mai sayar da atamfa da leshi da turaren wuta a WhatsApp, mai kek da cincin, mai ɗinki da ke son nuna aikin wuyan riga. Kayan nan ba sa motsi, kuma kai ke zaɓar lokacin ɗauka. Waya mai matsakaicin kuɗi, da tabarma ko farin ƙyalle a inuwar baranda da hantsi, da ɗan abin riƙe waya mai ƙafa uku, sun gama magana. A goge gilashin wayar da gefen riga kafin a danna, domin maiƙon yatsa shi ne rabin hazon da ake gani a hotunan mutane. Kuma kada a janyo hoto da yatsu biyu, a matsa kusa da ƙafa.

Inda waya ke gazawa wuri uku ne: duhu haɗe da motsi, nesa, da kuma gudu. Yanayin dare na waya dabara ce ta ɗaukar hotuna da yawa a jere a haɗe su, kuma tana aiki ne in abin ya tsaya cak. Masallaci da daddare zai fito tas. Yaro mai tsalle ko amarya mai taku ba za su fito ba. In aikinka biki ne, ko hawan sallah, ko ƙwallo, ko kana son a riƙa biyan ka, to a nan maganar kyamara ta taso.

Mai madubi da marar madubi

Nan ne zaɓin gaske yake, don haka zan ɗan jima.

Kyamara mai madubi, wadda ake rubutawa DSLR, tana da madubi a ciki da ke turo abin da gilashi ya gani zuwa tagar da kake leƙawa. In ka danna, madubin ya ɗaga, labule ya buɗe, ka ji ƙarar nan "kacak". Marar madubi ta cire wannan duka. Haske yana sauka kai tsaye a kan faranti, abin da kake gani a taga kuma ƙaramin allo ne. Kamfanoni sun riga sun juya akalarsu zuwa marar madubi. Manyan DSLR na ƙarshe da Canon da Nikon suka fitar, 1D X Mark III da D6, duka na 2020 ne, sabbin gilasai kuma kusan duk na sabon tsari ake ƙerawa.

Wannan ba ya nufin mai madubi ta mutu. A wurinmu ma alheri ya zama, domin masu hoto a Turai da Amurka suna sauke tsofaffin kayansu, su kuma suna gangarowa kasuwar kayan hannu da rangwame. Canon 600D ta 2011 da 'yan uwanta, Nikon D3500 ta 2018, Canon 80D ta 2016, da manya irin Canon 6D da 5D Mark III na 2012 da Nikon D750 ta 2014, dukkansu suna ɗaukar hoton da ba wanda zai kalla ya ce tsohuwar kyamara ce. Gilasansu sun cika ko'ina, masu gyara sun san cikinsu, abokin sana'a zai iya ara maka batir ko caja a wurin biki.

Batir ma abin dubawa ne a ƙasar da wuta ke zuwa lokacin da ta ga dama. A ma'aunin da kamfanoni ke amfani da shi, D3500 tana ɗaukar hoto 1,550 da caji ɗaya, D750 kuma 1,230. Sony a6000, marar madubi ta 2014, tana tsayawa a wajen 360. Sony A7 III ta 2018 ta gyara lamarin da babban batir, ta kai wajen 700. Mai a6000 da zai yi wuni daga ɗaurin aure zuwa dina, sai ya cika aljihu da batir uku ko huɗu.

Ga kuma ƙura. A marar madubi, da ka cire gilashi farantin ne ke kallon ka tsirara. A watannin hunturu, ko a filin hawa inda dawakai suka tayar da ƙasa, canza gilashi sau ɗaya ya isa ya bar maka ɗige-ɗige a sararin samaniyar duk hoton da za ka ɗauka. Mai madubi ma tana kwasar ƙura, amma madubi da labule suna ɗan tare mata.

To me marar madubi ta fi da shi, har kowa ke komawa? Fokas, wato saita gilashi don abin da kake so ya fito garau. Wannan kalma ɗaya ta isa ta rinjayi duk abin da na lissafa, in aikinka mutane ne masu motsi. Canon 600D wuraren kama fokas 9 gare ta, D3500 da 6D suna da 11, kuma a cikinsu na tsakiya ne kawai abin dogaro in haske ya yi ƙasa. 5D Mark III tana da 61, D750 tana da 51, amma duk sun taru ne a tsakiyar hoto. Sony a6400 ta 2019 tana da 425, A7 III tana da 693, a baje kusan ko'ina, kuma suna gane idon mutum su bi shi. Amarya tana tahowa, ƙawaye na gittawa, ɗan akwatin nan yana manne da idonta. Ranar da na fara aiki da irin wannan, na koma gida na rasa hotunan da zan goge, abin da ban saba ba.

Akwai wani dalili kuma da ba a cika faɗa ba. A mai madubi, na'urar da ke auna fokas daban take da farantin da ke ɗaukar hoto. In suka ɗan saɓa, ko gilashin bai daidaita da jikin ba, sai fokas ya riƙa sauka kaɗan gaba ko kaɗan baya: ka saita ido, kunne ya fito garau. Manyan kyamarori irin 80D da 6D da 5D Mark III da D750 suna da wurin gyara wannan a cikin saiti. 600D da D3500 ba su da shi. Marar madubi kuwa a kan farantin take aunawa, don haka wannan ciwon bai cika kama ta ba. Ƙari a kan haka, tagarta tana nuna maka hasken hoton yadda zai fito tun kafin ka danna, wanda ke gaggauta koyo ƙwarai. Ango baƙi cikin farar shadda a tsakar rana yana rikita ma'aunin kowace kyamara, amma mai marar madubi zai ga fuskar ta yi duhu ya gyara nan take.

Mai son bidiyo kada ma ya tsaya dogon tunani. D3500 ba ta da ramin makirufo, allonta kuma ba ya juyawa. A cikin masu madubin da na lissafa, 80D ce ke bin fuska da kyau a bidiyo. In ba ita ba, a6400 ko Canon R50 ta 2023 sun fi dacewa.

Tarko biyu a nan. Na farko jerin Canon EOS M, irin M50. Kyamara ce mai daɗin aiki, amma kamfanin ya daina wannan layi, gilasanta kuma ba sa hawa sabbin kyamarorin R. In ka same ta da arha ka san a kan me ka saya. Na biyu, wasu ƙananan Canon irin 4000D da 250D, har da R50, an fitar da su ba tare da babban maɓallin ƙarfen nan na tsakiyar mazaunin filasha ba. Filasha mai arha ta gama-gari ba za ta tashi a kansu ba sai wadda aka yi dominsu, ko da adafta. Na ga wanda ya gano haka a bakin ƙofar ɗakin taro.

Matsakaicin faranti ko babba

Babban faranti ya ninka matsakaici sau biyu da 'yan kai a girman fili, don haka a duhu hotonsa ya fi tsabta da kusan mataki ɗaya: abin da ISO (lambar da ake ɗagawa don hoto ya ƙara haske a duhu) 3200 zai ba ka a D750, sai ka sauko wajen 1600 kafin ka samu a D3500. Yana kuma narkar da bayan mutum fiye da ƙaramin. Amma gilasansa sun fi tsada da nauyi, kuma wuyanka ne zai faɗa maka bayan awa takwas.

Ra'ayina shi ne mai farawa da ƙaramin jari ya tsaya a matsakaici. Wanda biki ya zama abincinsa ya hau babba, amma ya duba abu guda kafin komai: ramin memori biyu. 5D Mark III da D750 da A7 III suna rubuta hoto a kati biyu lokaci ɗaya. 6D da Canon RP kati ɗaya ne. Na taɓa sayen katin jabu mai ɗauke da tambarin wani sanannen kamfani, ya cinye mini rabin hotunan walima. Ɗaurin aure ba a maimaita shi don katinka ya mutu, kuma har yau in na haɗu da mahaifin angon nan a masallaci sai na sunkuyar da kai.

Gilashi, inda kuɗin ya kamata ya tafi

Mu koma kan ɗan yayata. Gilashin 18-55 in an janyo shi zuwa 55, ƙofar haskensa ba ta wuce f/5.6. Lambar nan a juye take: ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Gilashi mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na f/5.6. Wato a tsakar gidan nan da kyamara ta ba shi 1/15, da mai f/1.8 ne a gaba da ta ba shi wajen 1/160, ba tare da an taɓa komai ba. Tsakanin waɗannan lambobi biyu ne hotunansa ɗari uku da saba'in suka salwanta. Kuma gilasan nan, Canon 50mm f/1.8 STM da Nikon 35mm f/1.8G, suna cikin mafi arha da kamfanonin ke yi. Ban san wani sayayya a harkar hoto da kwalliya ke biyan kuɗin sabulu kamar wannan ba.

Sai dai a lura da ɗaki. A matsakaicin faranti, 50 yana zama kamar 75 ko 80, ya matse hoto. A ɗakin amarya da gado da sif da kwabet suka cinye, bayanka zai bugi bango ba ka samu mutum uku a hoto ba. Don haka mai Nikon ya fara da 35, mai Canon ya duba 24mm f/2.8 in yawancin aikinsa cikin ɗaki ne, mai Sony kuma akwai Sigma 30mm f/1.4. Wanda ba ya son rabuwa da zum, 17-50mm f/2.8 na Sigma ko Tamron shi ne matakin gaba da 18-55, kuma ƙofarsa ba ta tsukewa in ka janyo. A kan A7 III, Tamron 28-75mm f/2.8 shi kaɗai yana iya gama biki.

Mai Nikon ƙarama ya kiyayi tsofaffin gilasai masu alamar AF-D. D3500 da 'yan uwanta ba su da injin juya su, sai dai ka yi fokas da hannu. Nemi AF-S ko AF-P. Mai Canon kuma ya kwantar da hankali: gilasan EF suna aiki lafiya a kan sabbin R da adafta, don haka kuɗin da ka zuba a gilashi yau zai bi ka gaba.

Don hawan sallah, abin mamaki, ba sai mai tsada ba. Canon 55-250 ko Nikon 70-300 sun wadatar, saboda rana tana biyan bashin ƙaramar ƙofa. Da hantsi, a f/5.6 da ISO 200, za ka samu 1/1000 har da rara. Hawan yamma irin na Daushe ne ke buƙatar kulawa, domin rana na faɗuwa ƙura na tashi, sai ka riƙa ɗaga ISO zuwa 800 ko 1600 don saurin labule kada ya sauka.

Dishi-dishi kala-kala ne

Kafin ka zargi kyamara, faɗaɗa hoton a kwamfuta ka duba wane irin lalacewa ne, domin maganinsu ba ɗaya ba ne.

In komai ya shafe, mutum da bango da kujera, duk sun ja gefe ɗaya, hannunka ne. Tsohuwar ƙa'ida ita ce saurin labule kada ya gaza lambar gilashi: gilashin 50, aƙalla 1/50, gilashin 200, aƙalla 1/200. A matsakaicin faranti ninka ta sau ɗaya da rabi, ni ma ninka ta biyu nake yi in na sha shayi da yawa. Hannun hagu ya tallafi gilashi daga ƙasa, gwiwar hannu ta manne da haƙarƙari, kyamara ta jingina da goshi, a matsa maɓalli a hankali kamar mai taɓa jariri. Masu miƙa hannu gaba suna kallon allo kamar waya su suka fi shan wannan wahalar. Na'urar hana rawa, wadda Canon ke kira IS, Nikon VR, Sony OSS, tana taimakawa sosai a nan. A7 III a jikinta take, a6400 da R50 kuwa sai dai a gilashi.

In bango ya fito garau mutum ne ya shafe, motsinsa ne, kuma na'urar hana rawa ba ruwanta da wannan. Mutum a tsaye 1/125, mai tafiya ko magana da hannu 1/250, rawa da yara 1/500, doki a sukuwa lokacin jahi 1/1000 ko sama. Hanya mafi sauƙi ita ce ka sa kyamara a S, ko Tv a Canon, ka zaɓi sauri, ka bar ISO ya hau da kansa.

Mutane suna tsoron ISO fiye da kima. Gaskiya ne in ya hau hoto yana yin yashi-yashi. Amma hoto mai yashi wanda ido ya fito a cikinsa ana sayen sa, ana ma rage yashin a kwamfuta, musamman in a RAW aka ɗauka, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba. Wanda ya shafe ba shi da magani. Uwar amarya ba ta taɓa ce mini hoto yana da yashi ba.

In kuwa wani abu ya fito garau amma ba wanda kake so ba, furen bayan kujera ko hular wanda ke gefe, fokas ne ya kauce. Kada ka bar kyamara mai madubi ta zaɓa maka wuri, domin abin da ya fi kusa ko ya fi ado take kamawa, kuma leshi mai duwatsu ya fi fuska jan hankalinta. Zaɓi wuri ɗaya, ɗora shi a idon da ya fi kusa da kai. Ga abin da ke motsi, koma AF-C, ko AI Servo a Canon, don ta ci gaba da bi.

Sabon mai f/1.8 yana da nasa ciwon. Daɗin narkewar baya sai ya sa ya bar ƙofa a wangale kullum. A gilashin 50 a kan matsakaicin faranti, daga nisan mita biyu, zurfin da zai fito garau bai fi santimita 11 ba, ɗan abin da ya ɗara faɗin tafin hannu. Ango ya ɗan matso gaba, amarya ta fita. Mutum biyu, f/2.8 zuwa f/4. Hoton dangi layi biyu ko uku, f/5.6 zuwa f/8, wanda dama a nan yawancin gilasai suka fi kaifi. Kada kuma a zarce zuwa f/22 da sunan neman ƙari, domin daga wajen f/11 zuwa sama hoto laushi yake farawa.

Hasken da ka zo da shi

Ɗakunan taronmu da tsakar gidajenmu ba don hoto aka haska su ba. Filasha ta waje, irin Godox TT685 ko Yongnuo mai arha, tana canza aikin dare fiye da sauya jikin kyamara. Walƙiyarta gajeriya ce ƙwarai, sau da yawa ƙasa da 1/1000 na sakan, don haka ita kanta tana daskarar da motsi. Abin da ya ɓata wa filasha suna shi ne harba ta kai tsaye a fuska, goshi ya yi ƙyalli, hoda ta yi fari fat, inuwa ta tsaya a bango. Juya kanta sama ta bugi farin silin, hasken ya sauko a baje. In silin ya yi nisa, ko an lulluɓe shi da yadin ado mai launi, ko kana ƙarƙashin jar rumfa, launin zai sauko a fuskokin mutane, sai ka koma ɗan farin kati ko lema. Saurin labule da filasha yana da iyaka, tsakanin 1/160 da 1/250 gwargwadon kyamara.

Wani abu da ke rikita masu marar madubi shi ne layuka-layuka a hoto, ko launi ya riƙa canzawa daga wannan zuwa wancan. Wutarmu tana juyawa sau 50 a sakan, ƙwayaye masu arha kuma suna ƙyaftawa sau 100, ido ba ya gani amma kyamara na gani, ƙaramin janareta kuma ya ƙara dagula lissafin. Kashe yanayin ɗauka marar ƙara, ka sauko 1/100 in motsin ya ba da dama, ko ka bar filasha ta rinjayi hasken ɗakin.

Bayan duk wannan wahala, kada ka tura aikin ta WhatsApp a matsayin hoto, domin matse shi zai yi. Tura shi a matsayin fayil. Sau da yawa abokin ciniki da ya ce hoto bai fita ba, kwafin da ya bi ta waya uku yake kallo.

Ranar saye

In ta hannu ce, je da katinka da kwamfuta ko wanda ya sani. Duba adadin bugun labule, wanda shi ne kamar lambar tafiyar mota. 5D Mark III da D750 an auna su a kan bugu 150,000. Da yawa suna wucewa, amma wadda ta kusa can farashinta ya kamata ya nuna. Na Nikon ana karanta shi daga hoton da ta ɗauka, na Canon galibi sai an haɗa ta da kwamfuta. Sa f/22 ka ɗauki farin bango: ɗige-ɗige ƙura ce, ana gogewa, amma dogon layi ƙarzuwa ce, ka ajiye musu kayansu. Cire gilashin ka haska fitilar waya ta cikinsa. In ka ga zare-zare kamar saƙar gizo, fumfuna ce, wadda ta fi kama kayan da suka zauna a wurare masu laima na bakin teku. Ɗauki jarida a manne a bango da ƙofa a buɗe ka ga ko gefe ɗaya ya fi ɗaya laushi. Gwada mazaunin filasha, gwada kowane maɓalli. In mai kaya ya ɗaura wa gilashin wani siririn gilashin kariya marar suna, cire shi kafin gwaji, don irinsu suna sa hazo in fitila ta haska su.

Kuɗin da ke hannunka, kada jiki ya ci fiye da rabi. Sauran na gilashi mai faɗin ƙofa ne, da filasha, da batir na biyu, da kati na gaske, da ɗan famfon roba na hure ƙura. Mai ƙaramin ƙarfi da hoto kawai yake so, D3500 ko 600D da gilashin f/1.8. Mai haɗa hoto da bidiyo, a6400 ko 80D. Mai biki da ke son babban faranti da arha, D750 ko 5D Mark III. Wanda aljihunsa ya kai, A7 III, kuma da ni ne ke farawa yau da kuɗin a hannu, ita zan ɗauka saboda idon nan da take bi.

Ɗan yayata bai sayar da tasa ba. Na ara masa 35mm da tsohuwar filashata, na sa shi ya ɗauki ƙannensa suna guje-guje a tsakar gida bayan isha'i har dare uku. Ranar Lahadi yana da suna a Gwammaja. Jiya ya kira ni yana tambayar nawa ake sayar da irin gilashin, na ce ya fara dawo mini da nawa tukuna.